Ziyarar Gandun Dutsen Tubkal na Ƙasar Maroko a Lokacin Hunturu da Ƙaramin Guzuri

1.0 Gabatarwa

Kalmar hunturu a bakin Bahaushe tana nufin watannin nan na iska mai ƙura da hazo, lokacin da leɓe ke tsagewa, faso ke kama ƙafa, yara kuma su kewaye wuta da sassafe. Da aka zo ba da labarin lokacin sanyi na ƙasashen da ke arewa da mu, sai aka ari wannan kalma aka laƙaba masa, alhali kuwa abubuwan biyu sun sha bamban. Namu hunturun busasshe ne, mai bargo da rigar sanyi ya gama da shi. Nasu kuwa, musamman a bisa manyan duwatsu, ruwa ne ke daskarewa ya zama kamar dutse, dusar ƙanƙara ta binne hanya, iska ta yi ta kaɗawa har yatsun mutum su mutu yana tsaye.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda mai ƙaramin ƙarfi, kamar ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci, zai iya ziyartar irin wannan wuri a tsakiyar sanyi, ya ga abin da ya je gani, ya komo gida lafiya. An zaɓi Gandun Dutsen Tubkal na ƙasar Maroko domin ya zama misali, saboda a nahiyarmu yake, ba sai an tsallaka teku ba. Abin da maƙalar ke son ta tabbatar shi ne, kuɗin irin wannan tafiya kashi biyu ne. Akwai wanda ake iya ragewa ba tare da an cuci kai ba, akwai kuma wanda rage shi wasa da rai ne. Wanda ya iya rarrabe su, shi ne ya iya tafiyar araha.

2.0 Gandun da Dutsensa

Duwatsun Atlas sun ratsa ƙasashen Maroko da Aljeriya da Tunisiya, kuma mafi tsawo a cikinsu duka shi ne Tubkal, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 4,167 daga bakin teku. Babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk Afirka ta Arewa. Domin mai karatu ya kimanta wannan tsawo, sai ya tuna cewa Dutsen Chappal Waddi da ke Gandun Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Na ƙasar Nijar kuwa, wanda ke cikin duwatsun Bagzan a Azbin, mita 2,022 ne.

An kafa wannan gandu a shekarar 1942, zamanin da Faransa ke riƙe da Maroko, kuma shi ne gandun ƙasa na farko da aka keɓe a can. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 380, yana kuma kudu da birnin Marrakesh da tazarar kimanin kilomita 65. Hawan farko da aka rubuta a takarda shi ne na ranar 12 ga Yuni, 1923, wanda wasu Faransawa uku suka yi, cikinsu har da Marquis de Segonzac, ko da yake makiyaya da mafarautan wurin sun san waɗannan duwatsu tun kafin zuwan Bature. A cikin gandun akwai ragon dutse, irin wanda ake samu a Azbin, da gaggafa, da kurege.

Mutanen da ke zaune a kwaruruwan dutsen Barbar ne, waɗanda ke kiran kansu Imazigen, harshensu kuma Tashalhit. Wannan harshe ɗan'uwan na Buzaye ne, kuma masana ilimin harsuna sun sanya danginsa cikin babban gida ɗaya da Hausa da Larabci, watau gidan Afro-Asiyatik. Manoma ne da makiyaya. Sun sassaƙe gefen dutse sun mai da shi gonaki hawa-hawa, inda suke shuka sha'ir da masara da tuffa da wani itace mai 'ya'ya masu taurin ɓawo da Larabawa ke kira jauz. Dusar ƙanƙarar da baƙo ke zuwa kallo, su a wurinsu rumbun ruwa ce, domin ita ce ke narkewa da bazara ta shayar da gonakinsu har zuwa filayen da ke kewaye da Marrakesh.

Ƙofar shiga dutsen ita ce ƙauyen Imlil, mai tsawon kimanin mita 1,740, inda hanyar mota ta kusa ƙarewa. Daga nan sai a bi ta ƙauyen Arumd, a wuce zuwa Sidi Shamharush, wani wurin ziyara mai ƙaton dutse da aka shafa wa farar ƙasa, wanda jama'ar wurin ke dangantawa da sarkin aljanu. Tsawon wannan wuri ya haura mita 2,300. Daga can sai masaukan mahaya dutse guda biyu da ke maƙwabtaka da juna a wajen mita 3,200, ɗaya na ƙungiyar mahaya duwatsu ta Faransa reshen Kasabalanka, wanda a da ake kira Neltner, ɗaya kuma ana ce masa Les Mouflons. A nan ake kwana kafin a tunkari ƙololuwa.

3.0 Abin da Tsawo da Sanyi Ke Yi wa Jiki

Kafin a yi maganar kuɗi, wajibi ne a fahimci abin da ake sayen kariya daga gare shi. Abu na farko shi ne sanyi. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri shida da rabi a ma'aunin Salshiyas. Marrakesh tana kan kimanin mita 460, saboda haka tsakaninta da ƙololuwar Tubkal akwai mita 3,700, watau bambancin digiri 24 ke nan. Bisa wannan lissafi, ranar da ma'auni ya nuna digiri 18 da tsakar rana a birni, a kan dutse digiri 6 ne ƙasa da sifiri, tun ba a sa iska cikin lissafi ba. Da asuba kuwa, lokacin da ake fara hawa, abin ya fi haka tsanani ƙwarai. Illar wannan sanyi iri biyu ce: ko dai yatsu da hanci da kunnuwa su daskare har naman wurin ya mutu, ko kuma zafin jiki gaba ɗaya ya sauka, mutum ya fara karkarwa, magana ta sarƙe, hankali ya gushe.

Abu na biyu shi ne ƙarancin iskar shaƙa. Kason oksijin da ke cikin iska bai canzawa, amma nauyin iskar ne ke raguwa, ta yadda a ƙololuwar Tubkal kowane numfashi yana kawo wa huhu kimanin uku cikin biyar na abin da yake samu a bakin teku. Daga mita 2,500 zuwa sama ne cutar tsawo kan fara bayyana, alamunta kuwa su ne ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci, da kasala. Idan aka yi kunnen uwar shegu da su aka ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowanne daga cikin biyun yana kisa. Cutar ba ruwanta da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa, sau da yawa ma matashi mai ji da kansa ne ke faɗawa, saboda gaggawa. Babban maganinta shi ne sauka.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga mutanenmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon cutar sikila, watau jininsa AS ne, kuma da yawa ba su sani ba, domin ba ta dame su a gida. Likitoci sun tabbatar cewa a wuri mai tsawo, inda oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙarancin ruwa a jiki, jini na iya toshewa a saifar irin wannan mutum, ya ji matsanancin ciwo a gefen hagu na cikinsa. Saboda haka gwajin jini kafin tashi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne sayayya ta farko. Mai AS ya nemi shawarar likita. Mai cutar sikila sosai kuwa, wannan dutse ba wurin zuwansa ba ne.

Abu na uku shi ne hasken rana. Farar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken da ya faɗo mata, sai ya doki ido daga sama da ƙasa. Wanda ya wuni a kanta ba tabarau, da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido, ya kwana ɗaya ko biyu bai iya buɗe shi ba. Baƙar fata ba ta kare ido daga wannan, haka kuma ba ta hana leɓe ƙonewa.

4.0 Inda Ake Rage Kuɗi

4.1 Zaɓen lokaci. Dusar ƙanƙara kan kwanta a saman dutsen galibi daga Disamba zuwa Maris ko Afrilu, sai dai yawanta kan bambanta daga shekara zuwa shekara. Makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara su ne lokacin da Turawa ke cika Marrakesh, kuɗin jirgi da na masauki su tashi. Wanda ya jinkirta zuwa tsakiyar Janairu ko Fabrairu zai tarar da farashi ya sauko, masu masauki kuma sun fi sauraron ciniki. Ya kamata kuma a duba watan azumi. A shekarar 2026 ya faɗo ne daga tsakiyar Fabrairu zuwa Maris, kuma tun da yake yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, zai yi shekaru yana faɗowa cikin sanyi. Hawan irin wannan dutse yana bukatar shan ruwa a kai a kai, ga baƙo da masu yi masa aiki baki ɗaya.

4.2 Abin hawa. Kuɗin jirgin sama shi ne mafi girma a duk tafiyar, kuma dabarar rage shi ita ce sayen tikiti tun da sauran watanni. Kamfanin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasabalanka, amma kafin a biya sai a fara tabbatar da ƙa'idar biza daga ofishin jakadanci. Daga Kasabalanka akwai jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, tafiyar kimanin awa uku. Daga Marrakesh zuwa Imlil kuwa, maimakon ɗaukar shatar mota, sai a shiga tasi ta haɗaka mai ɗaukar mutum shida, kowa ya biya kuɗin kujerarsa, kamar dai yadda muke yi a tasha. In ba a sami mai zuwa kai tsaye ba, sai a sauka a garin Asni a sake wata. Tafiyar duka ba ta wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu ba.

4.3 Masauki da abinci. A Imlil da Arumd akwai gidajen baƙi da iyalai ke gudanarwa, inda ake biyan kuɗin kwana haɗe da abincin dare da karin kumallo. Wannan ya fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. Abincinsu burodi ne, da miyar harira, da kuskus, da tajin, watau nama da kayan lambu da aka dafa cikin kaskon ƙasa mai murfi, sai shayi mai na'ana'a. A masaukan sama ana kwana ne a ɗaki ɗaya mai gadaje hawa-hawa, kamar ɗakin kwanan 'yan makaranta. Sai dai a lura, duk abin da ake sayarwa a can a bayan alfadari ko a kafaɗar mutum ya hau, don haka farashinsa yana hawa tare da shi. Mai dabara zai sayi dabino da gyaɗa da burodi da cuku tun daga ƙasa, ya kuma riƙe gorar ruwa da zai riƙa cikawa da tafasasshen ruwa, maimakon sayen na roba. Kuɗin ƙasar dirhami ne, a can ake canza shi, kuma a riƙe tsaba daga Marrakesh domin ma'amalar dutse da tsabar kuɗi ake yin ta.

4.4 Haya maimakon saye. Kayan hawan ƙanƙara suna da tsada, kuma wanda zai yi amfani da su sau ɗaya a rayuwarsa ba shi da dalilin mallakarsu. A Imlil akwai shaguna masu ba da hayar takalman dutse, da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashinsu don kada a zame, da gatarin ƙanƙara, da sanduna, da jakar barci, ana biya kwana-kwana. Tufafin sanyi kuwa, 'yan gwanjo na gida, irin na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, sukan sami manyan rigunan da aka ɗinka domin sanyin Turai, waɗanda ba su da masaya da yawa a wurinmu. Ka'idar sa tufafin ita ce hawa uku: na ciki mai tsotse gumi ya bushe da wuri, na tsakiya na ulu mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska da ruwa. A guji auduga a jikin fata, domin idan ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta koma tana zuƙe ɗumin mai ita.

4.5 Tafiya cikin ayari. Kuɗin ja-gora da na alfadari ba bisa kan mutum ake lissafa su ba, bisa kwana ne. Idan mutum huɗu suka haɗu, kowa rubu'i zai biya na abin da mutum ɗaya zai biya shi kaɗai. Har wa yau, yin magana da ja-gora mai lasisi a Imlil kai tsaye ya fi biyan dillalan yawon buɗe ido na birni ko na intanet sauƙi, domin kowane dillali da nasa la'ada.

5.0 Inda Ba a Rage Kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kan dutse kuwa, wata arahar ba ta ma kai mutum gida. Abubuwa biyar ne bai kamata a taɓa su ba.

Na farko shi ne ja-gora. A watan Disamba na 2018 wasu 'yan ta'adda sun kashe ɗalibai mata biyu, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, a kusa da Imlil. Bayan wannan ne hukuma ta wajabta wa duk mai hawa ya tafi da ja-gora, ta kuma kafa wuraren bincike a hanya inda jami'an tsaro ke duba fasfo. To, ko da ba doka, hankali ya wajabta. Ƙanƙara tana shafe hanya, hazo kan sauko cikin 'yan mintoci, kuma bayan sabuwar dusa ta zuba, wani gefen dutsen kan zaftaro gaba ɗaya ya binne abin da ke ƙarƙashinsa. Sanin gefen da ke da haɗari da ranar da ba a fita, sai ɗan gari, da shi kuwa akan ci gari. A nemi ganin katin shaidarsa, a kuma tabbatar ya saba da hawan hunturu. In ya ce a juya, a juya.

Na biyu shi ne kwanaki. Dillalai da yawa suna tallar tafiyar kwana biyu: yau a tashi daga Marrakesh a kwana a masaukin sama, gobe a hau ƙololuwa a sauko. A ido wannan ce mafi araha. Amma ma'anarta ita ce mutum ya tashi daga mita 460 ya kwana a mita 3,200 cikin yini guda, alhali likitocin duwatsu suna ba da shawarar cewa da zarar an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya yi wannan gaggawa, in ciwon kai ya mai da shi daga rabin hanya, ya yi asarar kuɗin jirgi da na kome da kome saboda ƙyashin kuɗin kwana biyu a ƙauye. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku shi ne takalmi, da safar hannu, da tabarau, da fitilar goshi. Ana iya hayarsu, amma ba a iya barinsu, ba a kuma karɓar na banza domin ya fi sauƙi. A gwada takalmin da safa mai kauri, a tabbatar bai matse yatsu ba, domin matsattsen takalmi yana hana jini gudu, ya gaggauta daskarewa. A sa mai shago ya ɗaura ƙarafan a kan takalmin a gaban ido, a ga sun zauna daram.

Na huɗu shi ne inshora. Wanda ya karye a mita 3,500, sauko da shi aiki ne na mutane da yawa, kuma asibitin kirki sai Marrakesh. A karanta takardar da kyau, domin yawancin inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar nauyin wanda ya haura wani tsawo da aka ƙayyade, ko wanda ya yi amfani da gatarin ƙanƙara.

Na biyar shi ne haƙƙin masu aiki. A ranar 8 ga Satumba, 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta auka wa lardin Al-Hauz, inda wannan dutse yake, ta hallaka mutane kusan 3,000, ta rushe ƙauyuka da dama, garin Asni ma bai tsira ba. Jama'ar waɗannan kwaruruwa da yawansu da baƙi suka dogara. A lokacin sanyi alfadari ba ya iya wuce inda ƙanƙara ta fara, galibi wajen Sidi Shamharush, daga nan 'yan dako ne ke ɗaukar kaya a bayansu. Ciniki al'ada ce a Maroko kamar yadda yake a wurinmu, amma a yi shi a kan darduma da tsaraba a kasuwar birni. Wanda ke son rage kuɗin dako, sai ya rage kayansa ya ɗauki abinsa da kansa.

Akwai kuma wani gargaɗi da ba ya cin ko kwabo. Al'adarmu ce shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa idan sanyi ya yi tsanani. Gawayi ko murhun gas a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, marar launi marar wari, wadda ke kashe mai barci bai farka ba. A nemi ƙarin bargo, a bar wuta a waje.

6.0 Tsarin Kwana Shida

Idan aka haɗa bayanan da suka gabata, ga yadda tafiyar za ta kasance. Rana ta farko a tashi daga Marrakesh zuwa Imlil, a sami masauki, a gana da ja-gora, a zaɓi kayan haya. Rana ta biyu a hau ɗaya daga cikin mashigan dutse da ke kusa, kamar Tizi Mzik mai kusan mita 2,500, a komo Imlil a kwana, domin jiki ya ɗanɗani tsawo ya kuma huta a ƙasa. Rana ta uku a kama hanyar masaukin sama, tafiyar kimanin kilomita 11, wadda kan ci awa biyar zuwa bakwai. A fita da wuri, domin a Disamba da Janairu hasken rana bai wuce kimanin awa goma ba.

Rana ta huɗu a zauna a masaukin, a koyi tafiya da ƙarafan takalmi da yadda ake kafa gatari a tsai da kai idan an zame. Wanda ciwon kansa ya ƙaru a wannan rana, sauka ta kama shi. Rana ta biyar a tashi kafin asuba da fitilar goshi, lokacin da ƙanƙara ke da tauri, a bi kwarin kudu, wanda shi ne hanyar da aka fi bi. Hawan ya kai kimanin mita 960, yakan ɗauki awa uku zuwa biyar. A ƙololuwa akwai wata dala ta ƙarfe da aka kafa don alama, kuma in gari ya yi garau ana hango filayen Marrakesh ta arewa, da duwatsun da suka gangara wajen Sahara ta kudu. Kada a daɗe, kuma a ninka hattara wajen saukowa, domin a lokacin ne ƙafa ta gaji, hankali kuma ya saki. Rana ta shida ta ajiya ce, saboda iska ko dusa na iya hana fita, wani lokaci ma hukuma kan rufe hanyar ɗungurungum. In ba a bukace ta ba, sai a yi ta a Marrakesh.

7.0 Wanda Ba Ya Nufin Ƙololuwa

Ba lalle ne kowa ya kai mita 4,167 ba kafin a ce ya ziyarci gandun. Wanda lafiyarsa ko aljihunsa bai kai ba, yana iya zama a Imlil kwana biyu ko uku, ya zagaya ƙauyukan da ke kewaye, ya taka zuwa Arumd ko Sidi Shamharush, ya ga ƙanƙara ya taɓa ta da hannunsa, ya ci kasuwar Asni ta ranar Asabar. Haka kuma akwai Ukaimadan, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara mai tsawon kimanin mita 2,600, wanda mota ke kaiwa har can, mutanen Marrakesh kuma kan je da iyalansu su wuni su komo. Wannan tsari ya kawar da kuɗin masaukin sama da na dako da na yawancin kayan haya, ya kuma rage haɗari ƙwarai.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an bayyana inda Gandun Tubkal yake da irin mutanen da ke zaune a gindinsa, an kuma nuna illolin da sanyi da tsawo da hasken rana ke yi wa jikin wanda ya taso a ƙasa mai zafi. An nuna cewa ana iya rage kuɗi wajen zaɓen lokaci, da abin hawa, da masauki, da abinci, da hayar kaya, da tafiya cikin ayari. An kuma nuna cewa ja-gora, da isassun kwanaki, da ingantattun kayan kariya, da inshora, da haƙƙin 'yan dako, ba wuraren tsimi ba ne. Wannan rabe-rabe bai tsaya ga Tubkal kaɗai ba, ya shafi duk wani dutse mai ƙanƙara da mutum zai nufa a ko'ina. Saboda haka mai niyyar tafiya ya fara lissafinsa da kashi na biyu, ya ware masa kuɗinsa cif, sa'an nan ya duba abin da ya saura. In saura ya isa, ya kama hanya. In bai isa ba, ya tsaya a ƙauyukan gindin dutse, ko ya dakata zuwa baɗi.